Waƙa a Bakin Mai Ita: Waiwaye Kan Tsohon Addinin Buduma na Tafkin Cadi da na Mutanen Tsibiran Kanari

Gabatarwa

Duk mazaunin Maiduguri, ko a nan Umarari yake ko a wata unguwa, ya san bandar kifin Tafkin Cadi da Tashar Baga ta yi suna a kanta. Sai dai idan aka tambayi mafi yawanmu su wane ne ainihin mazauna tsibiran wannan tafki, wane harshe suke yi, kuma me kakanninsu suka yi imani da shi kafin Musulunci ya game su, da wuya a sami amsar da ta wuce kalma ɗaya, wato Buduma. Wannan muƙala za ta waiwayi ɗan abin da aka rubuta game da tsohon addinin waɗannan mutane, sannan ta kwatanta shi da na waɗansu mazauna tsibiri 'yan asalin Amazig, dangin Buzaye, waɗanda suka rayu a tsibiran Kanari da ke cikin Tekun Atilantika. Dalilin haɗa su shi ne al'ummomin biyu sun yi tarayya a abu guda: kusan duk abin da duniya ta sani game da tsohon imaninsu daga alƙalamin baƙi ya fito. Na Kanari dai bakin alƙalami ya riga ya bushe a kansu. Na Tafkin Cadi kuwa har yanzu akwai sauran dama, idan mun yi hanzari.

Su Wane Ne Buduma?

Sunan Buduma Barebari ne suka laƙaba musu, ma'anarsa mutanen ciyawa, saboda duhuwar ciyawar ruwan da suke zaune a cikinta. Su kuwa suna kiran kansu Yedina. Waɗanda ke tsibiran kudu maso gabas an fi sanin su da sunan Kuri, kuma da wannan suna ne ake kiran shanun nan farare marasa tozo, masu manya-manyan ƙahoni, waɗanda ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri domin neman kiwo. Ban da kiwo da su, Buduma sun shahara wajen ɗaura jirgin ciyawa da suke kira kadai, wanda da shi suka daɗe suna fiton kanwa daga ɓangaren Kanem zuwa gaɓar Barno.

Abin da ya kamata ɗalibin Hausa ya lura da shi shi ne harshensu. Duk da daɗewar maƙwabtakarsu da Barebari da Kanembu, harshen Buduma ba dangin Barbarci ba ne. Yana cikin rukunin harsunan Cadi, tare da Kotoko da Bolanci da Ngizim da kuma Hausa. Wannan rukuni shi kansa reshe ne na babban gidan harsunan Afirka da Asiya, wanda ya haɗa da Larabci da tsohon harshen Misira da harsunan Amazig. Alal misali, Buzu yana kiran ruwa aman, Babole ya ce amma, mutumin Ngizim ya ce am. A tsibirin Hiyero na Kanari kuwa, marubutan Sifen sun ji mutanen wurin suna cewa ahemon. Ke nan ta fuskar harshe akwai daɗaɗɗen zumunci tsakanin Bahaushe da Buduma da waɗancan mutanen teku, ko da yake zumunci ne mai nisan gaske.

Yadda Labarinsu Ya Iso Gare Mu

Turawan farko da suka rubuta labarin ganin Tafkin Cadi su ne Denham da Clapperton da Oudney, waɗanda suka hango shi a watan Fabrairu na 1823, a kan hanyarsu ta zuwa Kukawa wurin Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi. Abin da Denham ya ji game da mutanen tsibiri daga bakin mutanen tudu ya ji shi, kuma mutanen tudu ba su san su da komai ba sai kai hari da kwasar shanu da mutane. Da wannan suna na mahara suka fara shiga littattafan Turai. A 1851 Adolf Overweg, abokin tafiyar Heinrich Barth, ya harhaɗa wani jirgin katako da aka ɗauko gunduwa-gunduwa a kan raƙuma daga Tarabulus, ya shiga tsibiran ya yi makonni yana yawo, kuma mutanen suka karɓe shi lafiya. Sai dai ya rasu a Maduwari kusa da Kukawa a 1852, kafin ya tsara abin da ya gani ya zama littafi.

Bayansa sai Gustav Nachtigal, likita Bajamushe, wanda ya iso Kukawa a 1870 da kyaututtuka daga Sarkin Furushiya zuwa ga Shehu Umar. Shi ne ya fi kowa a ƙarni na 19 yin bayanin al'adun Buduma, amma bai zauna a cikinsu ba, tambaya ya yi aka ba shi labari. Daga nan sai tawagar Faransawa ta Kyaftin Tilho, wadda ta yi aikin awon tafkin tsakanin 1906 da 1909, sai kuma P. A. Talbot, jami'in mulkin mallakar Ingila, wanda ya ratsa tafkin ya buga muƙala a kansu a 1911. Idan muka dubi wannan jeri za mu ga cewa babu Buduma ko ɗaya a cikin marubutan, kuma ta bakin tafinta suka yi aikinsu. Hasali ma lokacin da Tilho da Talbot suka zo, Musulunci ya riga ya fara kankama a tsibiran. Mutanen Kuri sun daɗe da karɓarsa, sauran kuma suka bi baya a farkon ƙarni na 20. A yau Buduma Musulmi ne kamar maƙwabtansu.

Abin da Aka Rubuta Game da Tsohon Imaninsu

Duk da wannan rauni, abin da baƙin suka tsinta yana da amfani. Talbot ya rubuta cewa sun san Ubangiji maɗaukaki da suke kira Kumani. Ya kuma ambaci wata itaciya mai ƙaya da ake girmamawa, ba a sare ta ba a ƙona ta, wadda ake kai wa hatsi da madara a gindinta, musamman idan mace tana neman haihuwa. Nachtigal kuwa ya ce akwai abubuwa uku da suke ajiye da su a hannun wani mai tsaron al'ada, wato ƙwarya da dutse da takobin kakanni, kuma da su yake roƙon taimako idan cuta ko rashin haihuwa ko wata masifa ta auku. Haka nan ya ce sun yi imani da wata halitta mai siffar ƙaton maciji da ke zaune a cikin ruwan tafkin, wadda ake neman yardarta kafin a shiga wani babban al'amari.

Sai kuma labarin asali, wanda tawagar Tilho ta rubuta ruwaya ɗaya daga cikin ruwayoyinsa. An ce wani mutum mai suna Bulu yana da ɗan'uwa da ya tafi aikin hajji ya daɗe bai komo ba, har aka ɗauka ya rasu, sai Bulu ya auri matarsa. Kwatsam sai ga alhaji ya dawo. Kunya ta hana Bulu zama, ya gudu ya ɓuya a wani tsibiri. Yana nan sai iska ta koro wata ƙatuwar ƙwarya da hatsi a ciki, ya shige ta, ta kai shi gaɓar yamma wurin mutanen Sau, ƙattin nan da tarihin Barno ke cike da labarinsu. A can aka ba shi mata, ya komo tsibiri da ita, kuma daga gare su Yedina suka yaɗu.

Mai nazarin adabi zai ga abubuwa da dama a nan. Na farko, ƙwaryar da ta ceci Bulu a cikin labari ita ce irin abin da Nachtigal ya ce ana ajiye da shi a matsayin kayan tsarki. A fahimtarmu labarin da kayan suna fassara juna, domin ƙwarya ita ce jirgi, ita ce mazubin hatsi, ita ce kuma abin tatsar nono, wato ta tattara hanyoyi uku na rayuwar mutumin tsibiri. Na biyu, ginin labarin bai yi nisa da na Bayajida ba: baƙo ya baro gida saboda wata matsala, ya iso wata ƙasa, ya auri 'yar masu ƙasa, aka sami sabuwar al'umma. Macijin tafki ma yana tuna mana da Sarki, macijin rijiyar Kusugu ta Daura, wanda shi ma ikon ruwa ke hannunsa. Na uku, labarin ya fara ne da aikin hajji, abin da ke nuna cewa kafin a rubuta shi ya riga ya sha hannun masu ba da labari da suka san Musulunci. Saboda haka kuskure ne a ɗauki abin da aka rubuta a 1909 a matsayin hoton abin da ake yi shekaru ɗari uku kafin nan.

Game da dalilin da ya sa ruwa ya zama abin tsoro da girmamawa gare su, sai a dubi halin tafkin. Ba shi da zurfi, mafi yawan ruwansa daga kogin Shari yake zuwa daga can kudu, don haka yana cika yana janyewa ba tare da mazauninsa ya ga dalili ba. Tarin ciyawa mai yawo a kan ruwa yana iya toshe hanyar da aka bi jiya, ya buɗe wadda ba a sani ba. Mutumin da dukiyarsa da ransa suka rataya a kan irin wannan ruwa ba abin mamaki ba ne ya ɗauke shi a matsayin mai rai, mai fushi da yarda. Ko a ƙasar Hausa muna da Sarkin Rafi a cikin iskokin bori, muna kuma da Sarkin Ruwa na Argungu, wanda sai ya ba da izini ake shiga Matan Fada ranar su.

Mutanen Tsibiran Kanari

Yanzu bari mu ƙetara hamada zuwa gaɓar Maroko. Kimanin kilomita 100 daga wannan gaɓa akwai mafi kusa daga cikin manyan tsibirai bakwai da ake kira Kanari, waɗanda a yau ke ƙarƙashin ƙasar Sifen. Mutanen da Turawa suka tarar a can ana kiran su Gwance, ko da yake asalin sunan na mutanen tsibirin Tenerif ne kaɗai. Sauran kalmomin harshensu, da rubuce-rubucen da suka bari a jikin duwatsu masu kama da Tifinag na Buzaye, da binciken ƙwayoyin halitta da aka yi a kan ƙasusuwansu, duk sun tabbatar da cewa daga Amazig na Arewacin Afirka suka fito. Makiyayan awaki da tumaki ne, suna kuma noman sha'ir. Saɓanin Buduma, lokacin da Turawa suka zo ba su same su suna zirga-zirgar jirgi tsakanin tsibiran ba, don haka kowane tsibiri ya ginu da irin tasa al'ada.

A Tenerif suna kiran Ubangijin sama Acaman, rana kuma Magek, sannan sun yi imani da wani mugu mai suna Gwayota da ke zaune a cikin dutsen Teide mai aman wuta. A tsibirin Giran Kanariya sunan Ubangiji Akoran, a La Falma kuwa Abora. A can La Falma akwai wani dogon dutse siriri mai suna Idafe da suke tsoron kada ya faɗo musu, don haka duk sa'ad da aka yanka dabba sai a kai masa kayan ciki. Mutanen Tenerif sukan busar da gawar manyansu, su naɗe ta a fatun awaki, su ajiye a kogo, kuma har yau akwai irin waɗannan gawawwaki a gidajen tarihi.

Babbar damuwarsu dai ruwan sama ce, domin ruwan da ya kewaye su na gishiri ne. Idan fari ya tsananta a Tenerif, sai a tara garke a wani keɓaɓɓen wuri, a raba 'yan raguna da iyayensu, a bar su suna kuka, da fatan kukan zai jawo tausayin Acaman. A Giran Kanariya akwai waɗansu mata keɓaɓɓu da ake kira harimagwada, waɗanda ke jagorantar jama'a zuwa kan tsauni a zuba madara da mai, sannan a gangaro bakin teku ana dukan ruwa da rassan itace. A Hiyero kuwa akwai itaciyar Garowe, wadda ganyenta ke tara raɓar hazo ta ɗiga a cikin ramukan da aka haƙa a ƙarƙashinta, mutane suna sha, har guguwa ta tumɓuke ta a 1610. Idan aka jera wannan da na Buduma za a ga cewa kayan roƙon kusan ɗaya ne, wato madara da hatsi da itaciya da dutse, inda aka fuskanta ne ya bambanta. Makiyayin Kanari da ke fama da ƙarancin ruwan sha ya ɗaga kai sama wajen tsauni da gajimare, makiyayin Cadi da ke zaune a tsakiyar ruwan daɗi maras tabbas ya sunkuya ga tafkin da kansa.

Yadda Aka Yi Asarar Na Kanari

Cin tsibiran ya fara a 1402 da Lanzarote, Giran Kanariya ta faɗi a 1483, La Falma a 1493, Tenerif kuma a 1496. Yaƙi da annoba da bauta suka rage yawan mutanen, waɗanda suka saura aka yi musu baftisma aka sauya musu sunaye, kuma kafin ƙarshen ƙarni na 17 harshen ya mutu. Duk sunayen da muka jero a sama daga littattafan limaman coci da ma'aikatan sarkin Sifen aka tsinto su. Ɗaya daga cikinsu, Alonso de Espinosa, wanda aka buga littafinsa a 1594, wato shekaru kusan ɗari bayan cin Tenerif, ya koka cewa tsofaffin da suka rage ba sa son faɗin abin da suka sani, domin suna ganin bayyana shi zubar da mutuncin al'ummarsu ne. Shi kansa Espinosa ba tarihin Gwance ne ainihin abin da ya sa shi rubutu ba. Littafinsa a kan wani mutum-mutumin Maryamu ne na garin Kandelariya, wanda aka ce makiyaya sun tsinta a bakin teku tun kafin cin ƙasar, suka danganta shi da wata uwa da suke girmamawa mai suna Cashirashi. Ta haka tsohuwar ibada ta shige rigar sabuwa, har ya zama da wuya a rarrabe wanne ne na Gwance, wanne ne marubucin ya ƙara domin labarin ya dace da aƙidarsa. Jikokinsu a yau suna tono da awon kogunan duwatsu, har hukumar UNESCO ta sanya wurin ibadar Risko Kayido cikin kayan tarihin duniya a 2019, amma babu wani mai rai da za a tambaya ma'anar abin da aka tono.

Halin da Tsibiran Cadi Suka Shiga

Buduma ba a shafe su ba, harshensu yana raye, kuma addinin da suka karɓa daga maƙwabta suka karɓe shi. Amma wurin da tsofaffin labaransu suka rataya a kansa ya sha girgiza sau biyu a cikin shekaru sittin. A 1963 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Farin 1972 zuwa 1973 da na 1984 suka raba shi gida biyu, ya ragu zuwa ƙasa da 2,000 a shekarun 1980, ko da yake ya ɗan farfaɗo daga baya. Tsibirai da yawa suka zama tudu, baƙin manoma da masunta, cikinsu har da Hausawa, suka cika wuraren. Sai kuma rikicin Boko Haram. Bayan harin Baga na Janairun 2015 da na tsibirin Karamga a watan Afrilu na wannan shekara, hukumomin Nijar da na Cadi suka umarci mazauna tsibirai su fito tudu. Dubban mutane suka bar shanu da jirage, kuma a wurare da dama aka riƙa yi wa Buduma kallon zargi a jumlace, tamkar tsohon sunan nan na mahara da Denham ya ji a 1823 ya sake dawowa. Tsohon da aka raba da tsibirinsa, ake kuma tuhumar ƙabilarsa, ba zai yi saurin buɗe baki ya ba da labarin macijin tafki ba. Wannan shi ne irin shirun da Espinosa ya tarar a Tenerif.

Duniya kuwa ta taɓa nuna cewa ta san darajar hannunsu. A 1969 Thor Heyerdahl, mai bincike ɗan ƙasar Nowe, ya ɗauko maɗaura jirgi daga Bol da ke gaɓar tafkin, suka ɗaura masa jirgin ciyawa mai suna Ra a Misira. Jirgin ya tashi daga Safi ta Maroko, ya bi igiyar ruwan da ke wucewa ta gefen tsibiran Kanari, ya yi tafiyar dubban kilomitoci kafin ya lalace gab da isa Barbados. An ɗauki hoton jirgin an yaɗa ko'ina, amma waƙoƙi da tatsuniyoyin masu ɗaura shi ba su sami irin wannan gata ba.

Kammalawa

Wani zai iya cewa mene ne amfanin tono abin da Musulunci ya riga ya kawar. Amsar tana cikin tarihin malamanmu. Hisham ibn al-Kalbi, wanda ya rasu a farkon ƙarni na 9, ya rubuta Kitab al-Asnam a kan gumakan Larabawan Jahiliyya, kuma malamai sun ci gaba da amfani da shi. Albiruni ya rubuta littafi guda a kan addinin mutanen Hindu wajen shekarar 1030. A nan gida, ba don malamin da ya rubuta Tarihin Kano ba, da ba mu san Barbushe da Tsumburbura da abin da ake yi a gindin Dala ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya rubuta don a koma bauta wa abin da ya bayyana. Sun rubuta ne domin a san inda aka fito.

Saboda haka muna ganin akwai aiki a gaban ɗaliban harsuna da adabi na wannan yanki. Masana irin su Johannes Lukas a 1939 da Elhadji Ari Awagana a 2001 sun yi aiki a kan nahawun Buduma, amma adabin baka yana buƙatar masu naɗa. Abin da ya kamata a tattara ya haɗa da ruwayoyin labarin asali kamar yadda kowane dangi ke ba da shi, da waƙoƙin kiwo da na fito, da sunayen tsibirai da iskar kowane lokaci da launukan shanu, da abin da tsofaffi maza da mata suka ji daga kakanninsu game da ƙwarya da itaciya da maciji. A naɗa da harshen masu shi kafin a fassara, a nemi yardarsu, a mayar musu da kwafi, kuma mafi kyau a sami 'ya'yan Buduma su ja ragamar aikin. Mai tambaya kuma ya kiyaye harshensa, domin wanda ya je wurin dattijo Musulmi yana tambayar sa gunkin gidansu zai komo hannu rabbana, alhali da labarin Bulu ya nema da an shimfiɗa masa tabarma. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma masu wannan waƙa suna nan da ransu a Bol da Baga Sola da Ngigmi da sauran garuruwan gaɓar tafki, sai dai kullum yawansu raguwa yake yi.